Tsofaffin finafinan duhu na Birtaniya: da wanne za ka fara, wanne za ka bari sai ka saba

Faransawa ne suka raɗa wa salon suna. A 1946, bayan an gama yaƙin duniya na biyu, finafinan Amurka da aka hana shigowa lokacin mamayar Jamus suka kwararo sinimomin Paris, masu sharhi suka lura da wani abu da ya haɗa da yawa daga cikinsu: dare, inuwa, laifi, da jarumin da tun farko ka san ba zai sha ba. Suka kira su noir, wato baƙi a harshensu, ana furta shi kamar "nuwar". Mu kira su finafinan duhu.

Birtaniya ta yi nata, mafi kyawunsu kuma sun fito ne cikin ɗan taƙin lokaci, daga 1947 zuwa 1951. Wanda ya zo yana tsammanin irin na Amurka, da ɗan bincike mai malafa da bindiga a aljihu da kyakkyawar mace mai kai namiji ta baro, zai tarar da wani abu daban. Ƙasar ta ci yaƙi amma ta fito a talauce. Da kati ake rabon kayan masarufi: burodi daga 1946 zuwa 1948, tufafi har 1949, fetur har 1950, nama kuwa sai 1954 aka sake shi. Inda duk aka yi ƙarancin kaya, kasuwar bayan fage ta samu gindin zama. Shi ya sa ɓarayin waɗannan finafinan ba banki suke fasawa ba, sigari da giya da safar nailan da magani suke safara. Bindiga ba ta da yawa, 'yan sandan ma ba sa ɗaukarta, makamin ɗan daba shi ne aska. Hukuncin kisan kai a lokacin rataya ne, don haka daga ranar da aka yi gawa ɗaya a labari, kowa ya san igiya ce ke jiran wani.

Shawarar a taƙaice ita ce ka fara da The Third Man, amma kada ka ce ka san finafinan duhun Birtaniya don ka gan shi. A Viyana labarinsa yake, manyan 'yan wasansa maza biyu Amurkawa ne. Ainihin ƙamshin ƙasar yana cikin wasu da ba su kai shi suna ba.

Darakta ɗaya, mai kyamara ɗaya, fim biyu da ba su yi kama ba

Carol Reed ne ya ba da umarnin Odd Man Out a 1947 da The Third Man a 1949, Robert Krasker ne ya ɗauki hoton duka biyun.

The Third Man, wanda Graham Greene ya rubuta, minti 104 ne. Holly Martins, marubucin ƙananan littattafan kaboyi wanda Joseph Cotten ya fito a matsayinsa, ya sauka Viyana bisa gayyatar tsohon abokinsa Harry Lime, sai ya tarar ana binne abokin. An ce mota ce ta buge shi a ƙofar gida, mutum biyu suka ɗauke shi daga kan titi. Mai gadin gidan ya ce shi uku ya gani. Neman na ukun nan shi ne fim ɗin. Birnin a lokacin yana hannun ƙasashe huɗu, Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, kowace da yankinta, tsakiyar gari kuma suna sintirinsa tare. Mai laifi ya tsallaka yankin Rashawa, hannun sojan Birtaniya ba zai kai gare shi ba, sai dai ta magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba su san iyaka ba. Laifin da ke ƙasan labarin kuwa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san illar jabun magani: ana satar allurar fenisilin daga asibitocin soja, a tsinka ta da ruwa, a sayar, a yi wa yara masu sanƙarau.

Hoton shi ne abin da ya ci wa Krasker kyautar Oscar. Kyamara a karkace take a wurare da yawa, gini ya jingina, fuska ta jingina, don ka ji yadda baƙon ke ji a garin da bai san harshensa ba. Da dare ana fesa wa titunan dutse ruwa kafin a ɗauka, saboda jiƙaƙƙen dutse yana mayar da haske. Ana ajiye babbar fitila ƙasa-ƙasa a bayan kwana, sai inuwar mutum ta riga shi fitowa ta haye bango. Lura da tsohon mai sayar da balan-balan kusa da ƙarshe: inuwarsa ta kai tsawon bene, shi kuwa ɗan tsoho ne yana jan ƙafa. Kiɗan fim ɗin duka na mutum ɗaya ne, Anton Karas, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kwantarwa a tebur a kaɗa da yatsu. Kiɗa ne mai kama da na nishaɗi, ana yin sa har a maƙabarta, kuma akwai masu kallon da yake dama wa lissafi a minti goman farko. Da gangan aka yi.

Inda sabon mai kallo ke ɓacewa shi ne rabin awar farko, saboda yawan sunaye. Riƙe uku kawai: Kurtz, Popescu, da likita Winkel, abokan mamacin ne kuma dukansu akwai abin da suke ɓoyewa. Jamusancin da mutanen gari ke yi ba a fassara shi ba, ba laifin kwafinka ba ne, ana so ka zama kurma kamar Martins. Orson Welles, wanda sunansa ke kan fosta, ba ya bayyana sai an haura awa guda. Hoton ƙarshe doguwar hanya ce mai bishiyoyi, kyamara ba ta motsi, mace na tahowa daga nesa. Kada ka tura gaba. Greene ya so a rufe labarin ta wata hanya, daga baya ya amsa cewa Reed ne da gaskiya.

Odd Man Out ya fi tsawo, minti 116, ya kuma fi nauyi a zuciya. James Mason ne Johnny McQueen, shugaban wata ƙungiyar 'yan tawaye a wani birni na Ailan ta Arewa. Fim ɗin bai ambaci sunan birnin ko na ƙungiyar ba, amma Belfas ce. Johnny ya tsere daga kurkuku, ya yi wata shida a ɓoye a cikin gida, sai ya fita fashin wata masaƙa don samar wa ƙungiya kuɗi. Hasken rana ya ɗibe shi da jiri a bakin matakala, ya yi kokawa da wani ma'aikaci, ya kashe shi, shi ma harsashi ya same shi a kafaɗa, ya faɗo daga motar gudu. Wannan duka a farkon fim ne. Sauran labarin daga la'asar ne zuwa sha biyun dare, agogon gari na bugawa, ruwan sama ya koma laka, laka ta koma ƙanƙara.

Bambancinsu na aiki shi ne wannan. A The Third Man kana bin mai tambaya, kowace tambaya na buɗe wata ƙofa. A Odd Man Out jarumin kusan ya daina magana tun da wuri, ya zama kaya da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, labarin ya koma kan waɗanda suka tsince shi. Mata biyu sun ɗaure masa rauni har suka gane ko wane ne. Mai keken doki ya sauke shi a juji. Mai gidan giya ya kulle shi a wani lungu don kada a ce a wurinsa aka kama shi, kada kuma a ce shi ya tona. Wani matalauci mai kiwon tsuntsaye yana neman wanda zai saye shi da tsada. Ba mugaye ba ne, kowa tsoron abin da zai biyo baya yake. Awar farko ba ta da makusa. Rauninsa yana kashi na biyu, inda Robert Newton ya shigo a matsayin mashayin mai zane da ke son zana idon mai mutuwa. Wasansa ya cika ihu, fim ɗin kuma ya ɗan koma wa'azi. Minti goman ƙarshe sun biya bashin. Shi ne fim na farko da ya karɓi kyautar BAFTA ta gwarzon fim ɗin Birtaniya.

Mai son ƙulli da warwara ya ɗauki na Viyana. Mai haƙurin kallon mutane, wanda jinkiri ba ya kora, zai fi daɗewa yana tuna na Belfas. Kada dai ka fara da shi a daren da ka gaji.

Mai sanyi da mai zafi

Brighton Rock da Night and the City duka labarin ƙaramin ɗan ta'adda ne da ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, amma jininsu ba ɗaya ba ne.

Brighton Rock na wasu 'yan tagwaye ne, John Boulting darakta, Roy Boulting furodusa. An gama shi a 1947, ya shiga sinima a farkon 1948, shi ya sa za ka ga shekarun biyu a wurare daban-daban. Minti 92 ne, daga littafin Greene na 1938. Sunan na wata alewa ce mai kamar sanda da ake sayarwa a bakin teku, wadda aka rubuta sunan garin a cikinta daga kai har gindi, ko ina ka karya rubutun na nan. Haka halin Pinkie Brown yake, yaro ɗan shekara 17 da ya gaji shugabancin 'yan dabar da ke karɓar kuɗin dole a hannun masu cacar filin sukuwa. Richard Attenborough ne ya yi shi, bayan ya riga ya yi shi a dandamali. Fuskar yaro, ido ba ƙiftawa, murya ƙasa-ƙasa, yatsunsa kullum na wasa da zare. Bai cika ɗaga murya ba, a nan tsoron yake.

Abin mamaki, mafi kyawun sashensa da rana tsaka aka ɗauka. Ana farautar wani ɗan jarida a cikin cincirindon masu yawon hutu, ta kasuwa, ta tasha, har kan doguwar gadar shaƙatawa da ta miƙe cikin teku. Dubban mutane na dariya, babu wanda zai iya gaya wa. Bayan an kashe shi sai aka bar ɓaraka: wata yarinya mai hidima a gidan shayi, Rose, ta ga abin da zai rusa shaidar ƙaryar da suka shirya. Dokar Ingila a lokacin ba ta tilasta wa mace ba da shaida kan mijinta, don haka Pinkie ya yanke shawarar aurenta. Ita kuwa da gaske take sonsa. A wata rumfa da ake saka kwabo a ɗauki murya a faifan garmaho, ta roƙe shi ya faɗa mata wata magana ta ajiye. Tana tsaye a waje tana murmushi ta gilashi, shi yana ciki yana faɗin abin da ke ransa. Wannan faifan shi ne ƙarshen fim ɗin, kuma an sassauta shi idan aka gwada da littafin. Har yau ana gardama ko sassaucin jinƙai ne ko ya fi na littafin zafi.

Abu ɗaya da zai taimaka maka: Pinkie da Rose duka 'yan ɗariƙar Katolika ne, kuma sun yarda da wuta da hisabi. Shi yana aikata abin da yake yi ne yana da yaƙinin inda za shi. Matar da ke bin sawunsa, Ida, mawaƙiya mai son giya da dariya, ba ruwanta da wannan lissafin, daidai da ba daidai ba kawai ta sani. Wanda bai kama wannan ba zai ga fim ɗin 'yan daba ne kurum.

Night and the City na 1950 gudu ne daga farko har ƙarshe. Jules Dassin Ba'amurke ne. Shugaban shirya finafinai na kamfanin Fox, Darryl Zanuck, ya turo shi Landan da gaggawa saboda ana dab da saka shi cikin jerin waɗanda aka haramta wa aiki a Hollywood bisa zargin kwaminisanci. Richard Widmark ne Harry Fabian, ɗan kamashon da ke janyo baƙi zuwa wani gidan rawa, kullum da sabuwar dabarar yin arziki, kullum da bashi. Ya hango cewa zai iya ƙwace harkar kokawar Landan daga hannun Kristo, ta hanyar rungumar mahaifin Kristo ɗin, tsohon gwanin kokawar gargajiyar Turai wanda ya tsani kokawar wasan kwaikwayo da ɗansa ke tallatawa. Muddin tsohon na tare da shi, ba mai taɓa shi. Don ya tara jari ya yaudari maigidansa, ya yaudari matar maigidan da lasisin bogi, ya yaudari budurwarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuma rami huɗu ne a lokaci guda.

Wanda ya yi tsohon, Stanislaus Zbyszko, tsohon zakaran kokawa ne na duniya da gaske, ɗan Folan, yana wajen shekara 70 a lokacin. Kokawar da ya yi da Mike Mazurki a ɗakin atisaye babu kiɗa a kanta, sai nishi da ƙarar jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fage zai gane cewa wannan riƙon ba na koyo ba ne. Daga nan aka sa fam 1,000 a kan Fabian, mabarata da masu sayar da jarida da direbobi duk suka zama idon Kristo, aka bi shi ta kangayen da bam ya rusa har gadar Hammersmith da asuba.

Makusarsa biyu. Gene Tierney, babbar tauraruwa, an cusa ta ne cikin labarin, ba ta da abin yi sosai. Sannan Landan ɗin da ke ciki ta baƙo ce, an cika ta da Amurkawa ba tare da bayani ba, masu sharhin Birtaniya na lokacin ma ba su karɓe shi hannu biyu ba. Amma ga wanda ya saba da finafinan zamani masu sauri, wannan ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, har fiye da The Third Man. Turancin Widmark ma ya fi sauƙin kamawa. Brighton Rock ya fi shi zurfi, ya fi shi zama ɗan ƙasa, amma yana buƙatar kunne.

Wanda ya fi cancantar a nemo

It Always Rains on Sunday na 1947, na Robert Hamer daga kamfanin Ealing, minti 92, shi ne wanda aka fi yi wa rashin adalci. Ranar Lahadi ɗaya ce a unguwar talakawa ta Bethnal Green a gabashin Landan, ana ruwa tun safe. Rose, wadda Googie Withers ta yi, matar wani mutum ce mai kirki da ya girme ta da shekara 15, tana riƙon 'ya'yansa mata biyu da ba sa ga maciji da ita. Gilashin ƙofa ya fashe, ta fita bayan gida zuwa rumfar kwanon da aka yi don fakewa daga bam ta ɗauko abin toshewa, sai ta tarar da tsohon saurayinta Tommy a ciki, jiƙe sharkaf, ya tsero daga kurkukun Dartmoor.

Duk fargabar fim ɗin ta ƙaramin gida ce. Yaya za ta hau da shi bene alhali miji na wanka a baho a tsakiyar kicin? Yaya za ta rage abinci daga kwanon Lahadi ba a lura ba, a zamanin da nama da kati ake saye? Wa zai murɗa ƙofar ɗakin kwana? Akwai wurin da ta ciro zoben da ya ba ta shekarun baya, wanda ta ɓoye duk tsawon auren nan, ta miƙa masa ya sayar ya yi guzuri. Ya juya shi, ya yaba, bai gane shi ba. Withers ba ta ce komai a kai ba, fuskarta ce ta yi aikin. A kewaye da wannan akwai ƙananan labarai na unguwa: ɓarayi uku da suka sato takalman taya sun rasa mai saye, mai shagon kayan kiɗa da ke cin amanar matarsa, iyalan Yahudawan unguwar, ɗan sanda mai bin sawu a hankali. Wasu na ganin sun yi yawa. A ganina su ne suka sa gidan ya zama kurkuku, domin ko ina ka juya akwai idon maƙwabci. A ƙarshe Douglas Slocombe ya ɗauki farauta a filin ajiye taragun jirgin ƙasa da dare, tururi da ƙarafa da taragu na tahowa ba fitila, wadda ba ta gaza ta magudanan Viyana ba. Mai son labarin gida da aure da abin da mace ke haɗiyewa, wannan ne nasa, ko da bai damu da 'yan daba ba.

They Made Me a Fugitive, shi ma na 1947, na Alberto Cavalcanti ɗan Brazil, shi ne mafi tsauri. Trevor Howard tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne da zaman lafiya ya gundura, ya shiga gungun masu fasa-ƙwauri da ke fakewa da kamfanin shirya jana'iza suna safarar kaya a akwatunan gawa. Da ya ga hodar iblis a ciki ya ce ban da shi, sai shugaban, Narcy, ya ɗaura masa kisan ɗan sanda aka yanke masa shekara 15. Maganganunsa masu kaifi ne, ana mayar da martani kamar ana sara. Sai dai akwai dukan mata a ciki, ba a ɓoye ba, kuma faɗan ƙarshe a kan rufi ya nuna tsufansa. Kimanin minti 100 ne. Ka bar shi sai ka ga uku ko huɗu daga na sama.

Biyu kuma a gefe. The Fallen Idol na 1948, Reed da Greene ne dai, ba shi da titi ko 'yan daba: ɗan jakada ne ƙarami da ke ƙaunar babban hadimin gidansu (Ralph Richardson ne ya yi shi), wanda ke cika shi da labaran ƙarya na jarumtar da wai ya yi a Afirka. Da matar hadimin ta mutu, yaron ya shiga yin ƙarya don ya cece shi, kowace ƙarya na ƙara nutsar da shi. Shi ya fi dacewa a kalla da iyali. Pool of London na 1951, na Basil Dearden, labarin satar lu'ulu'u ne a tashar jiragen ruwa, amma abin da ke riƙe mutum shi ne Earl Cameron, haifaffen Bamuda, a matsayin baƙar fata ma'aikacin jirgi da ya shaƙu da wata Baturiya, da irin kallon da gari ke yi musu. Ba a saba ganin haka a fim ɗin Birtaniya na lokacin ba.

Kunne, kwafi, da allo

Turancin ba iri ɗaya ba ne. Mafi sauƙi su ne The Third Man da The Fallen Idol da Night and the City. Odd Man Out da karin harshen Ailan ake yinsa, yawancin 'yan wasan daga gidan wasan Abbey na Dublin suke. Brighton Rock da It Always Rains on Sunday cike suke da zaurancen 'yan kasuwar bayan fage da harshen talakawan Landan masu haɗiye haruffa. Waɗannan ukun ka nemi kwafi mai rubutun magana a ƙasan allo wanda mutum ya rubuta. Wanda na'ura ke ƙirƙira da kanta a YouTube yana rikicewa da tsohon sauti, ya mayar da sunayen mutane wasu kalmomi, ka rasa wa ake nufi.

Uku daga cikinsu suna da kwafi biyu, a nan ake yawan yin kuskure. The Third Man na Birtaniya minti 104 ne, muryar da ke gabatar da Viyana a farko ta Carol Reed ce, tana magana kamar wani ɗan kasuwar bayan fage da ba a ambaci sunansa ba. Na Amurka furodusa David O. Selznick ya rage shi zuwa minti 93, ya sa Cotten ya yi gabatarwar da bakin Martins, ya kuma yanke wuraren da ke nuna jarumin a matsayin mashayi mai wauta. Na Birtaniya za ka nema. Night and the City akasin haka ne: na Amurka, kimanin minti 95 da kiɗan Franz Waxman, shi Dassin ya fi amincewa da shi. Na Birtaniya ya fi shi da kusan minti biyar, kiɗan Benjamin Frankel ne, an kuma tausasa shi. Duba sunan mai kiɗa a rubutun farko ka san wanda ke hannunka. They Made Me a Fugitive kuwa in ka gan shi da sunan I Became a Criminal, wanda aka yanke wa kusan minti 20 ne don kasuwar Amurka. Brighton Rock a can Young Scarface aka kira shi. Ka kuma duba shekara, domin an sake yin Brighton Rock a 2010, an sake Night and the City a 1992 da Robert De Niro, aka mayar da shi New York da dambe.

In ka ga tsawon ya gaza da minti huɗu kacal, misali 100 maimakon 104, ba yanka ba ne. Faifan DVD na tsarin Turai yana tafiya da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, sai fim ya yi sauri da kashi huɗu cikin ɗari. Mai sayen Blu-ray ya lura da shiyya: Afirka da Turai shiyyar B ce, faifan kamfanin Criterion na Amurka shiyyar A ne, ba zai buɗe a yawancin na'urorinmu ba. Kwafin da kamfanin StudioCanal ya gyara na The Third Man da Brighton Rock da It Always Rains on Sunday, da na cibiyar finafinai ta Birtaniya (BFI) na Night and the City mai ɗauke da kwafin biyu, na shiyyar B ne.

Duka an ɗauke su ne a hoto mai kusan murabba'i, faɗi huɗu tsawo uku. A talabijin ta yanzu dole ka ga baƙin shafi a dama da hagu. In hoton ya cika allo, ko an ja shi fuskoki sun yi faɗi, ko an yanke sama da ƙasa, inda rabin inuwar take. Mayar da saitin zuwa 4:3. Kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi, wanda kamfanoni ke kunnawa tun daga shago, domin yana mayar da fim kamar wasan kwaikwayon talabijin. Kada ka ƙara haske don ka ga abin da ke cikin duhu, baƙin zai koma toka, kuma abin da aka ɓoye an ɓoye shi ne da niyya. Fitilar ɗakin za ka kashe. Guji kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta. Wajen saukewa kuma kada tsimin data ya sa ka ɗauki 360p: matse fayil ya fi cutar da wuraren duhu, inuwa ta farfashe ta zama dabbare-dabbare, a fim ɗin da rabinsa dare ne. Daga 720p zuwa sama ya isa. In a waya za ka kalla, sa abin kunne, saboda sautin na tsohon tsari ne mai hanya ɗaya, kuma muryar Attenborough da ta Mason ƙasa-ƙasa suke, lasifikar waya na haɗiye su.